Yadda Ake Fahimtar Yanayin Ƙasar Tsibirin Milne Land Daga Taswira

Milne Land tsibiri ne mai duwatsu a gabashin Girinlan, wanda babu ko mutum ɗaya da ke zaune a kansa, kuma yana can cikin Scoresby Sund, mashigin teku mafi girma a duniya cikin irin waɗanda ake kira fiyod, wato dogon kwari mai zurfi da ƙanƙara ta ƙwaƙule tsakanin duwatsu, daga baya ruwan teku ya cike shi. Kaɗan ne za su taɓa taka wannan wuri, amma mai haƙuri zai iya saninsa sosai daga kwamfutarsa.

Da farko ka buɗe Google Earth ka rubuta sunan tsibirin. Ka guji yanke hukunci a kan girmansa daga shimfiɗaɗɗiyar taswira irin ta bangon aji, domin a wajen digiri 70 arewa da ikwaita, inda tsibirin yake, irin wannan taswira tana ninka tsawon abu kusan sau uku. Ka ɗauki ma'aunin da ke cikin manhajar ka auna da kanka: za ka sami tsawon kimanin kilomita 113 da faɗin kilomita 45, girmansa kuma murabba'in kilomita 3,913 ne, wato ya ɗan ɗara Jihar Legas.

Bayan haka, kafin ka dubi tudu, ka zagaya ruwan da ya kewaye shi, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi cancantar a daɗe a kansa, tun da ruwan ne ya mayar da wurin tsibiri. Ta arewa akwai Øfjord, siririn mashigi da ya raba shi da yankin ƙasar da ake kira Renland, inda bangon dutse ke tashi tsaye daga cikin ruwa. Ta yamma akwai Rødefjord, wanda ya sami sunansa daga jan dutsen gaɓarsa, kuma idan ka matso da hoton za ka ga fararen curin ƙanƙara da suka ɓalle suna yawo a gindin wannan ja. Ta kudu Føhnfjord ne, ta gabas kuma ruwa ya buɗe ya zama Hall Bredning. Kowane ɗaya daga cikin mashigan nan hanya ce da kogin ƙanƙara ya bi yana goge dutse shekaru dubbai, shi ya sa suke da zurfin da a wasu rassan Scoresby Sund ya haura mita 1,000.

Sai ka koma kan tudu ka karkata hoton domin tsayi ya fito. Tsakiya da yamma duwatsu ne da suka kai kimanin mita 2,000, ƙanƙara ta lulluɓe kawunansu tana gangarowa ta kwaruruka. Gabas ta fi sauƙi, kuma a can, kusa da Kap Leslie, wato wani tsinin ƙasa a gaɓar gabashin tsibirin, ake samun duwatsu masu ɗauke da burbushin halittun teku na zamanin da ake kira Jurasik. Ka tabbata hoton da kake dubawa na watan Yuli ne ko Agusta, in ba haka ba dusar ƙanƙara za ta haɗe teku da ƙasa su zama fari ɗaya.

Daga ƙarshe ka nemi mutane. Wanda ya raɗa wa tsibirin suna shi ne William Scoresby, Baturen Ingila mai farautar kifin wale, wanda ya zana gaɓar yankin a 1822. Gari mafi kusa shi ne Ittoqqortoormiit, wanda aka kafa a 1925 a bakin mashigin, kuma mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne kacal. Ka auna tazarar da ke tsakaninsa da Kap Leslie, sannan ka tuna cewa tekun da ke tsakani a daskare yake mafi yawan watannin shekara.