Kafin ka kama haya a tsoffin siton auduga na Manchesta

Wanda ya fara laluben gida a birnin Manchesta na Ingila ta waya tun yana Kano ko Kaduna, hotunan da ke fara sace masa zuciya na gidajen da ake kira lof ne: bangon jan bulo ba filasta, ginshiƙin ƙarfe a tsakiyar falo, taga ta fi mutum tsawo, rufi can sama kamar na masallacin Juma'a. Sun fi yawa a unguwannin Ancoats da Castlefield da kan titin Whitworth.

Asali ba don kwana aka gina su ba. Masaƙun Murray da ke Ancoats tun 1797 aka fara gina su, aka kuma buɗe hanyar ruwan Rochdale da ke gefensu a 1804 don jigilar kaya. India House, a titin Whitworth, ginin 1906 ne, sito ne inda ake ɗaure yadi dila-dila a tura ƙasashen waje. A garin nan ne kuma aka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a 1902, wadda ta kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtua. Ba mamaki audugar kakanka ta riga ka zuwa Manchesta. Da sana'ar ta mutu sai gine-ginen suka zama kango, daga baya masu kuɗi suka yanyanka su ɗaki-ɗaki, suka tsawwala haya.

To ɗan'uwa, ginin da aka yi wa dilar yadi bai san sanyi ba, kai ne za ka san shi. Zafi sama yake tashi, rufin kuma na da nisa, sai ka kunna hita ta yini tana ɗumama inda ba kowa, kai kana ƙasa cikin bargo. Da yawansu ba gas, komai da lantarki ne, shi kuwa ya fi gas tsada nesa ba kusa ba. Kuma tunda hukuma ta sa akasarinsu cikin gine-ginen tarihi, ko mai gidan ba shi da ikon canza taga yadda ya ga dama. Ka nemi dillali ya nuna maka takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke riƙe ɗumi daga A zuwa G. Doka ta hana ba da hayar abin da ya gaza E, amma ni ko E ɗin na gani sai na ja baya. In ka ci karo da wani mai haya a bakin lif, tambaye shi nawa ya biya na wuta a Janairu. Amsarsa ta fi hoto ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne tsarin cikin. Falo da kicin da wurin cin abinci duk fili ɗaya ne, ɗakin kwana kuma sau da yawa wani ɗan bene ne a sama, ba bango ba ƙofa. Gwauro ko ango da amarya za su ji daɗinsa. Amma mu ba a raba mu da baƙi. Ranar da Hajiya ta zo wankan jego, ina za ta kwanta, kai kuma ina za ka sa fuskarka? Abokai sun zo gaisuwar Sallah, maiɗakinka ba inda za ta keɓe. Ga girki: a kaɗa miyar kuka da daddawa sau ɗaya, ƙamshin ya kama labule da kujeru da rigar da za ka sa zuwa aiki gobe, a soya albasa na'urar gano hayaƙi ta ta da maƙwabta. Mai ƙananan yara kuma ya dubi matakalar benen, ya dubi bakin ruwan da ke waje, wurare da yawa ba shinge.

Batun kuɗi a taƙaice. Bisa dokar haya ta Ingila ta 2019, kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa a matsayin jingina bai wuce na hayar mako 5 ba in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, na riƙe gida kafin sa hannu kuma mako 1. Dole mai gida ya sa ajiyarka a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Harajin ƙaramar hukuma daban yake da haya; ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biya, mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari. Wurin ajiye mota ma sau da yawa kuɗinsa daban. Kada ka tura ko fam ɗaya kan gidan da kai ko wani amintaccenka bai taka ƙafa ya gani ba.

In har ranka ya biya, Allah Ya sa albarka, kusancinsa da tsakiyar gari da tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly abin so ne. Sai dai ka je ganin gidan sau biyu, na biyun da daren Juma'a ko Asabar, lokacin da mashayun da ke ƙasan ginin suka cika. Ka kuma lissafa tafiyarka zuwa unguwar Cheetham Hill ko Rusholme, domin can ne za ka riƙa sayo naman halal da buhun shinkafa.