Babi na 7: Fure, Barbara da Samuwar Iri

Duk kayan da ake saukewa a kasuwar Farin Gada ta Jos, tumatir ne ko kabeji, karas, dankalin Turawa ko buhun acca, daga tsiro mai fure suka fito. Masana sun ƙiyasta cewa nau'o'in tsirrai masu fure sun kai wajen 300,000 a duniya, kuma sun kasa su gida biyu bisa ga abin da ke cikin ƙwayar iri.

Ku jiƙa ƙwayar wake da ta masara su kwana cikin ruwa. Da safe ku murje ɓawon waken, za ku ga ya rabu ɓari biyu, ga ɗan tsiro kwance a tsakani. Masara ba ta rabuwa haka. Wake, gyaɗa, tumatir, kuɓewa, kabewa da mangwaro masu ɓari biyu ne. Masara, dawa, gero, acca, shinkafa, rake da albasa masu ɓari ɗaya ne. Ko babu iri a hannu, ganye ya isa shaida: jijiyoyin ganyen masara a miƙe suke, suna tafiya a jere, na wake kuwa sun yi rassa sun sarƙe. Saiwar masara sirara ce, tana da yawa, ita kuwa kuɓewa tana da uwar saiwa guda wadda ke nutsawa ƙasa.

Wannan sani yana da amfani a gona. Maganin ciyawa 2,4-D da ake fesa wa masara da shinkafa masu faɗin ganye, wato masu ɓari biyu, yake kashewa, don haka idan an haɗa masara da wake a kunya ɗaya, ko iska ta kwashi feshin zuwa lambun tumatir na maƙwabci, an yi ɓarna. A cikin kowane gida kuma akwai dangogi. Dankalin Turawa, tumatir, barkono da gauta dangi ɗaya ne, ku dubi furensu za ku ga kamannin. Shi ya sa cutar ƙunar ganye da ke addabar dankali a Bokkos da Mangu lokacin ruwan Yuli da Agusta take kama tumatir ɗin da ke kusa, ita kuma cutar da ke sa tsiro ya yanƙwane tana zama cikin ƙasa ta jira ɗan'uwansa. Wanda ya cire dankali, gara ya bi da masara ko wake.

Sassan fure

Furen kuɓewa ya fi daɗin koyo saboda girmansa. Ku tsinko shi da safe, ku sami sabuwar reza. Daga waje akwai koren lulluɓi wanda ya rufe furen tun yana toho. Sai ganyayyaki 5 masu ruwan ɗorawa da ja a gindinsu, aikinsu janyo ƙwari. A tsakiya akwai ɗan sanda da ƙananan jakunkuna suka kewaye shi. Ku taɓa, wani gari zai maƙale a yatsa. Jakunkunan su ne sashen namiji, garin kuma shi ne garin fure. A can ƙolin sandan akwai kai ja mai laushi, shi ne bakin sashen mace. Ku tsaga furen a tsaye daga sama zuwa gindi. Za ku ga siririn wuya ya gangara zuwa wani ɗan kumburi, wato mahaifa, cike da fararen ƙwayoyi a jere. Kowace ƙwaya a ciki za ta iya zama iri, mahaifar kuma ita ce za ta girma ta zama kuɓewar da ake miya da ita.

Amma sai garin fure ya sauka a kan bakin macen, wannan ita ce barbara. Ƙwayar garin tana tsirar da bututu siriri wanda ke bin wuyan har ya isa ƙwayar da ke cikin mahaifa. Furen da bai samu haka ba, yawanci bushewa yake ya faɗi.

Masara

A masara namiji da mace ba a wuri ɗaya suke ba. Furen da ke fitowa a ƙoli shi ne namiji, goyon da ke gefe shi ne mace. Kowane silin gemun masara a haɗe yake da ƙwaya guda a jikin goyon, kuma dole kowane sili ya samu nasa garin. Iska ce ke kai shi. Garin yana zuba ne da hantsi bayan raɓa ta bushe, na tsawon kamar mako guda, kuma ba ya daɗewa da rai bayan ya bar jakarsa.

A nan ake yawan asara. Idan ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ke fitar da kai, gemu yakan makara, kafin ya fito garin ya ƙare. Sakamakon shi ne goyo mai giɓi, ko wanda samansa babu ƙwaya. Mai noman rani ya sani cewa makonni biyu kafin fitar kai da makonni biyu bayansa ba lokacin tsimin ruwa ba ne. Masu shuka a bayan gida kuma, kada a ja layi ɗaya dogo a jikin katanga, domin iska za ta kwashe garin ta zubar a banza. A yi gajerun layuka 4 ko fiye kusa da juna. Wanda ke son ajiye irin farar masara kada ta gauraya da ja ta maƙwabci, ya nisanta gonar da aƙalla mita 200, ko ya bambanta lokacin shuka da mako 3 zuwa 4. Iri mai aure kuwa, wato wanda aka samar ta haɗa iri biyu daban, ba a ajiye 'ya'yansa don shuka, ba sa fitowa daidai da uwarsu, amfanin ma raguwa yake.

Kabewa, kankana da kokwamba

Waɗannan tsirrai da ƙudan zuma suka dogara, shi ke kai musu garin fure. Furen namiji yana kan siririn kara, na mace yana da ɗan ƙaramin ɗa a gindinsa tun kafin ya buɗe. Maza ne ke fara fitowa su zube, wannan ba ciwo ba ne, kada a ruga sayen magani. Abin damuwa shi ne a ga 'yan ƙananan 'ya'yan suna yin ɗorawa suna ruɓewa, ko kankana ta fito a karkace, alamar garin bai wadata ba. Sau da yawa feshin safe ne ya kashe ƙudan zuman. In feshi ya zama dole, a yi shi da yamma lis, bayan furanni sun rufe.

Ana iya yin barbarar da hannu. Da sassafe, kafin ƙarfe 9, a tsinko furen namijin da ya buɗe a ranar, a cire ganyayyakinsa a bar sandan garin, a goga shi a hankali a kan bakin macen ta kowane gefe. Namijin kabewa guda yana isar mata biyu ko uku. Furen kabewa safiya ɗaya yake yi, wanda ya bari sai azahar ya makara.

Gwanda takan zo namiji daban, mace daban, wata kuma ta haɗa duka. Ba a gane su sai sun yi fure: namiji yana zubo ƙananan furanni masu yawa a kan dogon reshe, mace tana da babban fure manne da gangar jiki. A dasa 3 a rami, in sun yi fure a rage, a bar namiji guda ga mata kamar 10. Masu sare maza kakaf don ba sa 'ya'ya, gonarsu suke cuta.

Tumatir yana barbarar kansa, girgizar iska ta ishe shi, amma a cikin rumfar leda sai an riƙa kaɗa igiyar da aka ɗaure shi da ita da hantsi. Furensa yakan zube idan sanyin dare ya yi ƙasa da digiri 13, abin da ke faruwa a Jos cikin hunturun Disamba da Janairu, ko zafin rana ya wuce digiri 32, ko an cika masa takin yuriya ya tafi ganye. Gyaɗa kuma a sama take fure, sannan ta tura tsinke cikin ƙasa inda kwanso zai ƙullu, saboda haka a gama noma da fartanya kafin tsinken ya sauka, ciyawar da ta fito bayan nan a cire ta da hannu.

Aiki

Ku je gonar masarar da gemunta ya fara bushewa, ku karyo goyo guda. Ku yanka ɓawon da reza a hankali, kada ku ja gemun, sannan ku riƙe goyon a kwance ku girgiza. Silin da ya zube, ƙwayarsa ta samu gari. Wanda ya maƙale, tasa ba ta samu ba. Ku lura ko a gindi ne ko a sama suka fi maƙalewa, ku rubuta ranar da aka shuka gonar da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, ku zo da goyon aji.