Kafin ka kwashi iyali zuwa Balmoral

Duk sabon zuwa birnin Sidni na ƙasar Ostiraliya, shahararren bakin tekun Bondi yake tambaya. Ni mai iyali Balmoral nake tura shi, ko Nielsen Park. Suna can cikin mashigin ruwan birnin inda igiyar teku ba ta isa da ƙarfi, kuma akwai wurin wanka da aka kewaye da raga saboda kifin shak. Zuwa ba wuya, katin Opal na biyan kuɗin sufuri ne da bas. Mata su nemi burkini, rigar wanka mai rufe jiki, a shagunan unguwar Lakemba, a Sidni ma aka fara ɗinka ta.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne kamun kifi. Wanda ya tashi a bakin kogi, da ya ga ruwa sai hannu ya fara ƙaiƙayi. To a jihar New South Wales babba ba ya jefa ƙugiya sai ya biya kuɗin izini, rasit kuma yana jikinsa. Kifaye da yawa suna da tsawon da aka yarda a ɗauka da adadinsu. Ƙumba da katantanwar da ke manne a duwatsu kuwa, cikin mashigin nan an hana tsinta gaba ɗaya. Na ga wani ɗan'uwa ya cika bokiti yana murna, jami'i ya zo ya tsaya a kansa. "Wallahi ban sani ba" bai hana a rubuta masa tara ba. Abin da ya fi ɓata min rai, sai ya cusa takardar a aljihu ya manta da ita, yana jiran wani ya sa baki. Nan babu wannan. Tarar da ba a biya ba ƙaruwa take yi, tana iya kaiwa a dakatar maka da lasisin tuƙi, alhali da tuƙin yawancinmu muke ci. Mun yi suna a garin nan da riƙon amana, kada bokitin ƙumba ya zubar mana da shi.

Kifin da aka kama yamma da gadar Harbour Bridge ba a ci, saboda gubar tsofaffin masana'antun Homebush Bay. Ita ta sa aka hana kamun kifi na kasuwanci a mashigin tun 2006.

Kwanciyar ruwan kada ta ruɗe ka. Yawancin wuraren nan babu masu ceto, idonka a kan yaranka. In an yi ruwa mai ƙarfi a bari kwana 3 kafin a shiga. Sannan ka tambaya kafin ka bi hanyar ƙafa da iyali: Obelisk da Cobblers, kusa da Balmoral, wuraren wanka tsirara ne.