Yadda za ka yi wa sabon fasalin kayanka rajista

Baduku a Marwa ko Garwa zai ƙirƙiro sabon fasalin takalmi, bayan sati biyu ya gan shi jibge a kasuwa, wani ya kwaikwaya. Abin da ciwo. Ga yadda za ka kare naka:

1. Kada ka yi gaggawar baje shi a shago. Sabon abu doka take karewa.

2. Ɗauki hotuna masu kyau: gaba, baya, gefe da sama. A nan nake so ka natsu sosai, domin abin da hoton ya nuna shi za a kare, wato siffa, zane da launi. Yadda kayan ke aiki ba ya cikin wannan rajista.

3. Cike takardar nema, ka biya kuɗi, ka adana rasit.

4. Miƙa su ta ma'aikatar masana'antu, ko kai tsaye a hedikwatar OAPI, wato hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yawunde a Kamaru. Rajista ɗaya ta game ƙasashe 17, har da Chadi da Nijar. Najeriya ba ta ciki, don haka mai kai kaya Mubi ko Yola sai ya yi tata daban.

5. Kariyar ta shekara 5 ce. Ana sabunta ta sau biyu, jimilla shekara 15. Rubuta ranar sabuntawa inda ba za ka manta ba.