Yadda ake sa babban baƙi a rubutun Turanci

Da yawa cikinmu muna sa babban baƙi ne don girmamawa, sai ka ga an rubuta *my Father* ko *our Teacher*. Turanci kuwa tambaya ɗaya yake yi: wannan kalma sunan wani takamaiman abu ce, ko sunan jinsinsa ce? Masu duba jarrabawar WAEC da NECO suna rage maki a kan wannan, don haka ka bi rubutunka daki-daki.

Da farko, tsamo sunayen mutane, garuruwa, ranaku, watanni, harsuna da ƙabilu, ka fara su da babba: *Kano, Monday, August, Hausa, Nigerian*. Wanda ya yi karatu da Faransanci a Nijar ya kula sosai, domin can da ƙaramin baƙi ake fara ranaku, watanni da harsuna. Lokutan shekara irin su *winter* da *harmattan* ƙarami ne.

Na biyu, duba muƙamai. In muƙami ya jingina da suna, babba ne: *President Shehu Shagari, Uncle Musa*. In ya tsaya shi kaɗai, ƙarami: *the president arrived, my uncle*.

Na uku, kalmomin addini, inda aka fi tuntuɓe. *Allah, God, Islam, Muslim, Christian, the Qur'an, the Bible, Ramadan*, duk da babba. Amma *gods* na gumaka ƙarami ne. Za ka rubuta *Prophet Muhammad* (SAW) da babba, *the prophets* da ƙarami. Haka *a mosque* ko *a church*, sai in sunan wani gini ne, kamar *Sultan Bello Mosque* na Kaduna. *Prayer* da *fasting* ba sa ɗaukar babba duk da darajarsu. Wakilin suna *He* da ke nufin Ubangiji kuwa, jaridu da yawa suna barinsa ƙarami, marubutan addini suna ɗaga shi. Ni ina ɗagawa. Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa har ƙarshen rubutu.

Daga ƙarshe, kanun rubutu. Ɗaga kalmar farko da ta ƙarshe da duk masu nauyi, ka bar *a, an, the, and, of, in* ƙanana in suna tsakiya: *A History of the Sokoto Caliphate*. Wasu kafafe, irin su BBC, kalmar farko da sunaye kawai suke ɗagawa, sai ka tambayi malaminka ko editanka tsarin da yake so kafin ka miƙa.