Ga mai son tono asalin gidansu

Jama'a, duk mai son sanin tarihin zuri'arsu, kada ya fara da intanet. Ya fara da tsohuwar da ke ɗakin ƙurya. Ka je da ɗan goro, ka zauna a tabarma, ka nemi izininta kafin ka kunna rikoda a waya. Ni na yi sake, sai da gwaggon babana ta rasu na gane ita kaɗai ta san garin da kakanmu ya baro. Har yau abin na damuna.

Kada ka tambaye ta shekara, ba da ita take lissafi ba. Ka ce, "Iya, kafin zuwan Sarauniya Kaduna ne ko bayansa?" Wannan 1956 ke nan. Rasuwar Sardauna 1966, fitowar naira 1973. Da su za ka kintata.

Ka lura da alkunya. Ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗan fari ba, sai laƙabi. Rubuta laƙabin, ka nemi sunan yanka wurin wani. Duba kuma tsagen gado, da kirarin gida, da gafakar tsohon Alƙur'ani, domin wasu malaman kan ajiye takardar haihuwar 'ya'yansu a ciki.

In gidan sarauta ne ko na alƙalai, sai ka leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.