Darasi na Bakwai: Kunne Kafin Alƙalami

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 bai kai riƙe fensir sosai ba, amma kunnensa ya isa ya fara rarrabe sautukan magana, kuma daga nan karatu yake somawa. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin haka, domin yaro yakan haddace Fatiha da gajerun surori da ka kafin ya ƙware a babbaƙu da farfaru. A boko ma haka abin yake. Yaron da bai saba jin bambancin kafa da ƙafa ba, ko na baki da baƙi, zai sha wahala ranar da malami ya rubuta masa k da ƙ a kan allo.

Ku fara da tafi. Kowace kalma tana da gaɓoɓi, kowace gaɓa kuma tafi ɗaya ce: Da-la biyu, Fag-ge biyu, Ya-ka-sai uku, a-dai-dai-ta huɗu. Ya fi kyau a soma da sunan yaron, domin babu kalmar da ya fi ƙauna kamarsa. Uwa tana iya yin wannan tana tsince shinkafa, ba sai ta ajiye aikinta ba.

Idan ya iya tafin, sai a koma kan farkon kalma. Bayan an dawo daga cefane a Kasuwar Rimi, a baje kayan a ce masa, "Miƙo mini duk abin da ya fara da ta." Zai kawo tattasai da tafarnuwa da taliya, in ya haɗo da albasa, kada a tsawata masa, a dai maimaita kalmar a hankali har ya ji da kansa. Daga baya a gwada kalmomin da ƙarshensu ya yi daidai, irin su gari, bari da fari. Zaurancen da yara suke yi, suna cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma, shi ma horon kunne ne, don haka a bar su su yi abinsu.

Iyaye da yawa suna murna idan ɗansu ya rera ABCD da Turanci, alhali sunan harafi daban, sautinsa daban. Wanda aka koya wa cewa c sunansa "si" zai rikice idan ya zo karanta cokali. A gidan da ake magana da Hausa, gara a fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, sannan a ba ɓ, ɗ da ƙ lokaci na musamman ta hanyar gwama bari da ɓari, doki da ɗoki.

Aikin gida: ku rubuta sunayen abubuwa biyar na ɗakinku, ku raba su gaɓa-gaɓa, ku tafa su tare da yaro na minti goma bayan sallar Magariba. A zama na gaba kowa zai faɗa wa aji kalmar da ta fi ba yaronsa wuya.